Buhu, Murfin Kwalba da Kwanon Jere: Nazari kan Kayan Aikin Ɗalibin Zane

Ɗalibin da ya shiga makarantar koyon zane da sassaƙa yakan fara ne da kayan kanti: farin ƙyalle, fenti, burushi, takarda. Kaya ne da ba su taɓa shiga hannun kowa ba, duk abin da za su faɗa sai wanda mai zanen ya ɗora musu. Amma akwai wata hanya da ta yi ƙarfi a makarantun Afirka ta Yamma, inda ɗalibi kan bar kanti ya nufi kasuwa, ko madafi, ko wurin 'yan gwangwan, ya ɗauko abin da mutane suka riga suka mora. Tsohon buhu ko fasasshiyar tukunya sukan iso ɗakin aiki da labarinsu a jikinsu. Darajar wannan salo ta rataya ne a kan ko ɗalibin ya san labarin, kuma ko hannunsa ya yi aikin da zai fito da shi fili.

Tambayar ko me ɗalibi zai ɗauko daga gida tsohuwa ce. A 1958 wasu ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiyar masu zane. A cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Abin da suka nema shi ne a haɗa dabarun da malamansu Turawa ke koyarwa da zane-zanen da suka gada a gida. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, ya kuma tafi da wannan tunani Jami'ar Nsukka bayan yaƙin basasa. Waɗancan ɗalibai sun fi damuwa da siffa da salon zane. Na bayansu suka tura tambayar gaba: shi kansa kayan da ake aikin da shi fa, daga ina ya fito, wa ya taɓa shi?

Babu wanda ya amsa wannan kamar El Anatsui, ɗan ƙasar Ghana da aka haifa a 1944, wanda ya fara koyarwa a Nsukka a 1975. Tun yana Ghana yakan sayi farantan katako irin waɗanda mata ke kasa kaya a kai a kasuwa, ya yi musu zane da ƙarfe mai zafi. A Nsukka ya yi aiki da yumɓu a kan siffar fasassun tukwane, sannan da tsofaffin magogin rogo, da murafen gwangwanin madara. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ya koma ga murafen kwalaben giya, ana daddaƙa su, a huda, a ɗinke da wayar tagulla har su zama wani ƙaton mayafi mai ƙyalli da ake ratayawa a bango. Ya zaɓi murfin ne da sani, domin barasa na cikin hajar da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar teku suna musaya, har da bayi. Kowane murfi kuma wani ne ya buɗe shi. A 2015 aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin baje kolin Venis a Italiya. Ɗalibarsa Nnenna Okore ta bi sawunsa da tsofaffin jaridu da igiya da algarara, amma ba ta ɗauki murfin kwalba ba.

Misalin da ya fi kusa da batunmu shi ne na Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale a 1987, domin aikin da ya fito da shi duniya ya faro ne yana ɗalibi a Jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi. Kayan aikinsa buhun algarara ne. Ana saƙa buhunan a Indiya da Bangaladash, a shigo da su Ghana don zuba koko. Idan sun gama wannan aiki sai su faɗa hannun 'yan kasuwa, su ɗauki masara da shinkafa, daga ƙarshe su ƙare a wurin masu gawayi. Kafin nan buhu ya yi baƙi, ya sha faci, an rubuta masa sunayen fatake da alamominsu. Mahama yakan ba 'yan kasuwa sababbin buhuna ya karɓi tsofaffin, ya tara mutane su ɗinke su, da yawansu 'yan ci-rani daga arewacin ƙasar, sannan a lulluɓe gini ko wani sashe na kasuwa da su. A Venis, a 2015, ya rufe dogayen bangaye da su, a baje kolin da Okwui Enwezor ya shirya.

Abin lura a nan shi ne Mahama bai zana ɗan dako ba, bai sassaƙa manomin koko ba. Gumin ɗan dakon yana jikin buhun, rubutun falken yana nan, ɗinkin mai facin yana nan. Wanda ya tsaya gaban aikin yana kallon hanyar da dukiya ke bi ta fita ƙasa, da mutanen da ke ɗaukarta a ka ba tare da ta zauna a hannunsu ba. Har warin buhun yana cikin aikin. Wannan shi ne abin da fenti ba zai iya bayarwa ba, kuma shi ne hujjar salon gaba ɗaya.

Sai dai salon yana da ramukan da ɗalibai ke yawan faɗawa. Na farko shi ne kwaikwayo. Tun da Anatsui ya yi suna, murafe da ledojin ruwa da gwangwanaye suka cika ayyukan kammala karatu, ana ɗinke su a rataye, ba tare da ɗalibin ya tambayi kansa me ya haɗa shi da su ba. Na biyu shi ne dogaro da bayani. Sai ka ga an tara tarkace a kusurwa, an manna doguwar takarda a gefe mai maganar tarihi da asali da ƙaura. Idan aka cire takardar aikin ya rasa bakin magana, to hannu bai yi nasa ba. Anatsui da mataimakansa sukan shafe watanni a kan aiki guda, kuma yadda ake jera launi da yadda mayafin ke naɗewa shawara ce ta ido da ta ƙware. Na uku shi ne na haƙƙi. Tsohon abu na wani ne, kuma talaucin mai shi ba ado ba ne. Ɗalibin da ya karɓi robar barar almajiri ya kai ta zauren baje koli ya ci bashi, ya kamata ya san yadda zai biya. Mahama ya mayar da kuɗin da ya samu Tamale, ya buɗe cibiyar zane a 2019, sannan ya kafa wani wurin mai suna Red Clay inda tsofaffin jiragen sama suka zama azuzuwan yara.

Ɗalibi Bahaushe yana da gado a wannan fage wanda ba kasafai manhaja ke ambatonsa ba. Jeren ɗakin amarya tsari ne na kayan yau da kullum don ido: da can ƙore da tasoshi, daga baya kwanonin sha da samira da fanteka a jere a bango ko cikin kabad, manya a ƙasa, ƙanana a sama, launi na bin launi. Matan da ke jeren sun san abin da suke yi, kuma mai shiga ɗakin yana karanta ƙoƙarin uwa da gudummawar dangi a jikin kwanonin. Maƙeran da ke mayar da gwangwanin madara fitilar aci-balbal, da masu narka gwangwanin lemo su zuba tukunya a Panteka ta Kaduna, da masu yanka takalmi daga tsohuwar taya, duk sun san halin kaya: wanne ke lanƙwasuwa, wanne ke tsagewa, wanne ke jure wuta. Ɗalibi zai ƙaru da mako guda a rumfarsu fiye da yadda zai ƙaru da kallon hotunan aikin wasu a waya.

Saboda haka wanda zai bi wannan hanya ya fara da abin da yake da iko a kansa. Faifan da kakarsa ta saƙa, allon da ya wanke ya sake rubutawa, buhun taki da aka mayar labulen ƙofa, ƙwaryar da aka ɗinke bayan ta fashe. Ya tambayi masu kayan tun suna raye: wa ya saya, a wace kasuwa, a wace shekara, me ya sa aka ƙi jefarwa. Ya gwada kayan har ya san iyakarsa, ya yarda wani gwajin zai lalace. Ya kuma yi tunani kafin ya yanka ko ya ƙona, domin abin da ya rage guda ɗaya a gida ba ya dawowa.

Malamai ma suna da nasu nauyin. Wajen duba irin wannan aiki, bai isa a tambayi ɗalibi me yake nufi ba. A tambaye shi inda ya samo kayan, da wa ya yi magana, me ya biya, wa ya taya shi ɗinki, kuma ko mutanen da kayan ya fito daga hannunsu za su samu ganin aikin. Kwanonin jere suna ƙaura daga ɗakuna zuwa buhun 'yan gwangwan, roba ta kori ƙwarya daga gidaje da yawa, kuma matan da suka san sunan kowane kwano suna tsufa. Makarantun zane na Arewa suna da ɗaliban da suka tashi cikin waɗannan kaya, ya kamata su tura su gida da kasuwa su yi wannan bincike tun masu amsa tambayoyin suna nan.