Yabo ko Gaskiya: Tsokaci a Kan Siffanta Mutum a Hotunan Bugun Katako na Japan

A birnin Edo, wato Tokiyo ta yau, an yi wata fasaha da ake kira ukiyo-e. Mai zane zai zana hoto, masassaƙi ya sassaƙa shi a jikin katako, mai bugu ya shafa launi ya danna takarda, kowane launi da katakonsa. Daga 1765 aka soma fitar da su da launuka masu yawa. Hotunan na kasuwa ne, don haka dole a faranta wa mai saye. Wannan tsokaci zai duba yadda gwanaye biyu suka tunkari wannan dole.

Na farko shi ne Kitagawa Utamaro, wanda ya rasu a 1806. Ya shahara wajen zana kyawawan mata, musamman na Yoshiwara, unguwar mata masu zaman kansu da hukuma ta keɓe. Babu mai musun gwanintarsa: ga laushin layi, ga gashi da aka fitar da shi sili-sili. Sai dai idan aka jera hotunan, za a tarar fuskokin kusan ɗaya ne: doguwar fuska, siririn ido, ɗan ƙaramin baki. Da yawa daga cikin matan nan talauci ne ya sa iyayensu suka miƙa su tun suna ƙanana, bashi ya ɗaure su shekara da shekaru. Ko alamar wannan ƙunci ba a gani a fuskokin. Ashe ke nan Utamaro maroƙi ne da alƙalami. Ya wasa su, ya rufa wa unguwar asiri.

Na biyu shi ne Toshusai Sharaku, wanda ya yi aiki na wata goma kacal, daga 1794 zuwa 1795, ya bar hotuna kimanin 140, akasarinsu na 'yan wasan kwaikwayon kabuki. Dubi hotonsa na Otani Oniji yana fitowa a matsayin mugun bara Edobei: ido a karkace, baki a tamke, yatsu a baje kamar shaho zai suri ɗan tsako. Da yake an hana mata hawa dandamali tun 1629, maza ke fitowa a madadinsu. Sauran masu zane kan mai da su mata sosai, amma Sharaku ya bar muƙamuƙin namiji yana leƙowa ta ƙarƙashin kwalliya. Wani marubucin zamaninsa ya danganta gajartar kasuwarsa da tsananin bin gaskiyarsa. Sai a 1910, da Bajamushe Julius Kurth ya rubuta littafi a kansa, sunansa ya sake tashi.

A ganina, Utamaro ya fi daɗin kallo, amma Sharaku ya fi sanin mutum, domin kowace fuska tasa ba ta da ta biyu. A nan ne nake jan hankalin ɗalibanmu masu rubuta ƙagaggun labarai. Sau nawa muke cin karo da tauraruwa "doguwa, fara, mai dara-daran idanu", wadda za a iya cire ta daga wannan labari a dasa a wancan ba tare da an lura ba? Wannan kirari ne, ba siffantawa ba. Marubucin da ke son tauraronsa ya rayu, sai ya nemo abin da ya bambanta shi da kowa, ko da kuwa abin ba mai kyan gani ba ne. Gaskiya ɗaci gare ta, amma ita ce ke yin ƙarko.