Lissafin Aji Ɗaya da Ƙirgar Bahaushe

Duk wanda ya nazarci littattafan da ake fara karantar da yara da su a ƙasar Hausa zai lura cewa karatu ya sami gata, lissafi kuwa maraya ne. Jerin Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, waɗanda aka buga a Zariya, ko sunayensu kaɗai sun nuna an yi tunanin hawa-hawa. Malamai kuma sun daɗe da gane cewa gaɓar Hausa, wato baƙi da wasali, ita ce tsanin da yaro ke takawa har ya kai ga kalma. To amma da an zo lissafi sai a ɗauko tsarin littafin Ingilishi a ɗora wa yaro, ko dai da Ingilishin, ko kuma da Hausar da aka juya kalma da kalma.

Ba rashin doka ya jawo haka ba. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta biyo bayan shirin firamare kyauta na 1976, ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na al'ummar da yake zaune cikinta. Tun 1970 ma Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin koyar da dukkan darussan firamare, har da lissafi, da Yarbanci a Ife. Abin da muka rasa shi ne marubucin da zai zauna ya dubi yadda ita Hausar take ƙirga.

Alal misali, daga 11 zuwa 19 Hausa ta fi Ingilishi bayyana. Yaron da ya ce goma sha ɗaya ya riga ya faɗi 10 da 1 da bakinsa, alhali sunayen 11 da 12 na Ingilishi ba su nuna goma ko kaɗan. Littafin da ya san harshensa zai wuce nan da sauri. Inda ya kamata ya daɗe shi ne 20 zuwa 90, domin ashirin da talatin har zuwa casa'in aro ne daga Larabci, kuma babu abin da ke gaya wa ɗan shekara shida cewa goma biyar ce a cikin hamsin. Littattafanmu sun juya al'amarin: suna ɓata shafuka a kan mai sauƙi, su tsallake mai wuya cikin darasi guda, don haka Bature ya tsara wa 'ya'yansa.

Ga shi kuwa maganin yana cikin gida. Kafin kalmomin Larabci su kafu, Bahaushe cewa yake gomiya biyu, gomiya uku, har gomiya tara. Da za a fara da gomiya huɗu da biyu kafin a ce arba'in da biyu, da yaro ya ga dalilin rubuta 4 a hagu, 2 a dama, ba sai ya haddace ba. Wasu malamai za su ce kalmar ta tsufa. Gaskiya ne, ba kuma cewa muke a farfaɗo da hauya da zangu na zamanin wuri ba. Gomiya dai gada ce ta makonni kaɗan, a haye a bar ta.

Haka nan ashirin ba ɗaya da ashirin ba biyu, waɗanda tsofaffi ke faɗi a maimakon 19 da 18. Wannan ɗebewa ce tsagwaronta, yarinyar da take jin ta a bakin kakarta ta zo aji da ita, sai malami ya tsawata mata ya ce ta faɗi daidai. Kamata ya yi a buɗe darasin ɗebewa da ita, da tsakuwa ashirin a kan tabarma.