Sannu Ba "Halo" Ba Ce

Duk mai bibiyar littattafan da ake sakewa kashi-kashi a WhatsApp da Wattpad ya san yadda ake buɗe hira a yawancinsu. Saurayi ya faka mota ya ce "halo", budurwa ta amsa a yatsine. "Sannu" kuwa an bar wa mai gadi da tsohuwar da aka ɗauko daga ƙauye. Ko an sa ta a bakin jaruma, cike gurbi take yi kafin a shiga zancen da ake ganin shi ne labarin. A ganina wannan asara ce, domin kalmomin da ke ɗaukar kaya irin nata ba su da yawa a Hausa.

Ma'anarta ta tushe ita ce "a hankali", kamar yadda take a karin maganar nan, sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya ce maka sannu roƙonka yake ka bi a hankali kada ka jigata. Ba Bahaushe kaɗai ya yi wannan tunani ba. Bayarabe na cewa "pẹlẹ" ga wanda ya ji ciwo, idan ya ninka ta kuma tana nufin a hankali. Haka "pole" take a Swahili, jaje ce, "polepole" kuwa sannu-sannu. Kwatanta da "ciao" ta Italiya, wadda ta fito daga karin harshen mutanen Venis da ma'anar "ni bawanka ne", ta yaɗu har Brazil, yau ba mai jin ƙanshin bauta a cikinta. Ita kuwa "halo" wayar tarho ce ta ɗaukaka ta, bayan Thomas Edison ya ba da shawarar a riƙa amsa kira da ita a 1877. Aikinta a ji ko akwai mutum a kan layi.

Sannu ba ta rabu da tushenta ba. Bi hanyar Rano zuwa Kibiya da damina ka saurara. Mai wucewa ba ya gifta masu noma bai ce "sannunku da aiki" ba, su ɗago daga kan fartanya su ce "yawwa, sannu kadai". Yaro ya yi tuntuɓe, kafin ya kai ƙasa an jefo masa ita. A zaman makoki ta koma "sannunmu da haƙuri", mai gaisuwa ya sa kansa cikin rashin. Akwai kuma inda ba ta shiga. Ba a tsayawa gaban Sarkin Rano a ce masa sannu tsurarta, sai "ranka ya daɗe", dogarai su amsa. Marubucin da ya san wannan, da gaisuwa ɗaya zai nuna mana wane ne babba, wane ne baƙo, wa ya raina wa.

Inda aka fi ɓata ta shi ne wajen gatse. Amarya ta fito daga ɗaki da hantsi, uwargida ta gama shara da wanke-wanke, ta dube ta ta ce, "Sannu da hutawa." Magana ta ƙare, duk wadda ta tashi a gidan yawa ta ji zafin. Amma sai marubuciya ta ƙara da "ta faɗa cikin gatse da habaici", ta biyo da layi uku na harara da murguɗa baki, har mai karatu ya manta abin da uwargida ta ce.