Laftof Mai Naɗewa a Kuɗi Kaɗan: Me Ake Cirewa Kafin Ta Yi Arha?

Idan ka taɓa shiga shagunan kwamfuta a Beirut Road da ke Kano ko Banex a Abuja, ka san wasan da masu shago suke yi. Mai shago zai ɗauko laftof ya buɗe, ya yi ta tura sikirin baya har ya kwanta a bayan kibod, sannan ya shafa fuskar da yatsa. Shi ke nan, ta zama tabilet. Sai ya kalle ka ya ce, "Yallaɓai, Core i7 ce, x360, 'yar shafa, ba nauyi." Daga nan da wuya ka sake kallon wadda ke gefenta.

Ni ma wasan ya ci ni. Shekarar da na fara digiri na biyu na tattara ɗan abin da na tara, na sayi wata sabuwa dal mai naɗewa, ina murnar na yi tsintuwa. Furosesanta Celeron, RAM 4GB, ma'adana 64GB. Da aikin bincike ya kankama, in na buɗe R da Word da 'yan shafuka a Chrome sai ta tsaya cak, in zauna ina kallonta tana kallona. Na kai wa mai gyara ya ƙara mini RAM. Ya kwance ta, ya nuna mini cewa a manne yake da bod, babu ramin ƙara wani. Ƙarshe da asara na sayar. Sau nawa na naɗe ta na yi aiki da ita a matsayin tabilet? Yatsun hannu ɗaya sun isa lissafin.

Don haka ƙorafina a nan yana kan yadda ake tallata irin wannan kwamfuta, da yadda mu masu saye muke auna ta. Ana yi mana alkawura uku a lokaci guda: ba nauyi, tana naɗewa, ga arha. A sabuwar laftof, biyu kawai za ka samu cikin ukun nan. In ka ga duka ukun, to an yanke wani abu a inda idonka ba ya kaiwa.

Naɗewa tana da nauyinta

Wannan salo ya shahara ne tun 2012, lokacin da Lenovo ya fitar da Yoga 13 tare da fitowar Windows 8, wadda aka tsara don sikirin na shafa. Kafin sikirin ya iya juyawa digiri 360, dole gaɓar da ke haɗa shi da kibod, wato hinji, ta fi ta laftof ta yau da kullum ƙarfi. Dole kuma a ɗora gilashi da shimfiɗar da ke jin taɓawar yatsa, a ƙarfafa murfin don kada ya lanƙwashe. Kowane ɗaya ƙarin nauyi ne, kuma ƙarin kuɗi.

Ga misali daga gida ɗaya, shekara ɗaya. A 2018 Lenovo ya fitar da ThinkPad X1 Carbon da X1 Yoga, duka inci 14, kayan cikinsu kusan iri ɗaya. Carbon ba ta naɗewa, nauyinta kimanin kilo 1.13. Yoga mai naɗewa tana kusan kilo 1.4. Wannan fa a manyan kwamfutoci masu tsada ke nan. Masu arha na inci 14 sukan kai kilo ɗaya da rabi ko su wuce.

Yanzu ka yi wannan gwajin a gida. Ɗauki babbar gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, ka riƙe da hannu ɗaya kamar kana karanta littafi. Minti nawa ka yi? Nauyin "tabilet" ɗin da ake nuna maka ke nan. iPad na gama-gari bai cika rabin kilo ba. Shi ya sa mutum yake sayen mai naɗewa, bayan sati biyu ta koma laftof zalla, alhali ya riga ya biya kuɗin hinji da gilashin.

Inda ake rage kuɗin

Kamfani ba zai yi asara don kai ba. In ya kashe kuɗi a hinji da gilashi kuma yana son ya sayar da arha, wurare uku ya fi taɓawa.

Na farko RAM. Microsoft ya ce mafi ƙarancin abin da Windows 11 take buƙata shi ne 4GB na RAM da 64GB na ma'adana. Ma'anar wannan ita ce kwamfutar za ta tashi, ba wai za ka ji daɗin aiki ba. Idan RAM ya cika, kwamfuta takan fara kwashe bayanai tana jibgewa a ma'adana, wadda ta fi RAM jinkiri nesa ba kusa ba. Tsayawar nan da take yi maka, abin da ke faruwa ke nan. Kuma saboda a rage kauri, yawancin sirara masu naɗewa RAM ɗinsu a manne yake. Abin da ka saya da shi za ka zauna.

Na biyu ma'adana. In ka ga an rubuta eMMC, ka tsaya. Irin ma'adanar ƙananan wayoyi ce, iyakar gudunta a takarda kimanin 400MB a daƙiƙa, a aikace ma ba ta kaiwa. SSD na SATA yana kai 550MB, na NVMe kuma yana wuce 1,500MB cikin sauƙi. Ita ma eMMC a manne take, kuma a 64GB, Windows da sabunta kanta sun cinye kaso mai yawa kafin ka ajiye fayil ɗaya.

Na uku sikirin. Mai 1366 sau 768 yana da ɗigo kusan miliyan ɗaya, mai 1920 sau 1080 yana da sama da miliyan biyu. Ga wanda zai wuni yana karanta PDF, bambancin a idonsa zai ji shi. Sannan gilashin shafa yana ƙyalli kamar madubi. In hasken sikirin bai wuce nit 250 ba, ka zauna kusa da taga da rana, fuskarka za ka riƙa gani maimakon rubutu.

Sitikar Core i7

Wannan ce ta fi ba ni haushi, domin da ita ake cin kuɗin ɗalibai. Sunan i7 shi kaɗai bai gaya maka komai ba sai ka san jenereshon. Duba cikakkiyar lambar: a i7-7500U, lambar farko bayan layin ita ce jenereshon, wato na 7. Wannan furosesa cibiyoyin lissafi biyu gare shi. Shi kuwa i5-8250U, na jenereshon na 8 da ya fito a 2017, huɗu gare shi. A aikin da ke amfani da cibiyoyi da yawa, i5 ɗin nan ya bar waccan i7 a baya. Amma a kasuwa i7 ake tsugawa kuɗi, saboda bakwai ta fi biyar.

Akwai kuma abin da ya fi gudu muhimmanci. Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ita kuma Windows 11, a hukumance tana neman Intel jenereshon na 8 zuwa sama, in ka cire 'yan ƙalilan, tare da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Misali, HP EliteBook x360 1030 G2, wadda ta cika kasuwar 'yan hannu, jenereshon na 7 ce. Kyakkyawa ce, ba musu, amma ba ta cikin jerin. G3 da ta biyo ta tana ciki. Idan mai shago ya nuna maka G2 da Windows 11 a kai, ta bayan gida aka saka, kuma babu tabbacin za ta ci gaba da samun sabuntawa.

Zafi da batir

Yawancin sharhin da kake gani a YouTube, a ɗaki mai sanyi aka yi gwajin. Mu kuma a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40. Siririyar laftof ƙaramar fanka gare ta da ƙaramar hanyar iska. In furosesa ya doshi digiri 100 sai ya rage gudun kansa don kada ya ƙone. Ƙurar hunturu kuma ta toshe ɗan ramin da ya rage. Wato gudun da aka rubuta a kwali na 'yan mintunan farko ne.

Zafin nan kuma shi ne babban maƙiyin batirin lithiyam. Kada ka yarda da "tana yin awa takwas". Ana auna batir da Wh. A ce batir 50Wh ne, kwamfutar tana jan wat 8, ka samu awa shida da ɗoriya. In ya tsufa ya koma 30Wh, ko awa huɗu ba za ka cika ba. Inda wuta ba ta da tabbas, wannan lissafin ya fi naɗewa amfani.

To wa ya kamata ya saya?

A yi adalci, akwai waɗanda mai naɗewa take yi wa rana. Ɗan lissafi ko fiziks da ke rubuta ƙa'idoji da hannu, malami mai gyaran aikin ɗalibai a PDF, mai zane, mai koyarwa ta intanet. Ka lura duk alƙalami ne ya haɗa su. Kuma ba kowane sikirin shafa ne ke karɓar alƙalamin lantarki ba. Masu karɓa ma tsarinsu ya bambanta: akwai Wacom AES, akwai MPP na Microsoft, akwai USI na Chromebook, kuma alƙalamin wani ba lallai ya yi a kan wani ba.

Tunda an ambaci Chromebook, ka yi hattara. Su ne suka fi arha cikin masu naɗewa, amma SPSS da ArcGIS da AutoCAD ba sa hawa kansu yadda suke hawa Windows. Masu cire kibod irin Surface Pro kuma, kibod ɗin daban ake sayar da shi, sai ka haɗa kuɗinsa a lissafi.

In ka tabbata za ka yi aiki da alƙalami kuma aljihu ba nauyi, ni dai shawarata ka nemi 'yar hannu cikin waɗanda aka ƙera don ma'aikatu: EliteBook x360 1030 G3 ko G4, Dell Latitude 7390 mai naɗewa, ThinkPad X1 Yoga ta 2018 zuwa sama, ko L13 Yoga. Waɗannan biyun na ƙarshe ma alƙalaminsu yana da gurbi a jikinsu. In kuwa ba ruwanka da alƙalami, kuɗin nan zai saya maka laftof marar naɗewa da ta fi sauƙin nauyi da yawan RAM.

Kafin ka miƙa kuɗi

Ka zauna a shagon ka yi waɗannan, ko da mai shago yana tsaki:

Buɗe Task Manager ka karanta cikakkiyar lambar furosesa da yawan RAM. Kada ya gaza 8GB. In a manne yake kuma da hali, ka nemi 16GB. Ma'adana ta zama SSD, aƙalla 256GB.

Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Fayil ɗin da zai fito zai nuna maka ƙarfin batirin na asali da wanda ya rage masa yanzu. Raba na biyun da na farko, ka ga kashi nawa ya saura.

Juya sikirin a hankali har ƙarshe kana kallo. In hoto ya yi walƙiya ko ya ɗauke, wayar da ta ratsa cikin hinjin ta fara gajiya. Sannan ka buɗe Paint ka ja layi zuwa kowane lungu, ka ga ko akwai inda shafa ba ta ci.

Shiga BIOS ka tabbatar babu kalmar sirri a kai. Kwamfutocin ma'aikatu wani lokaci sukan zo a kulle da sunan kamfanin da ya yi amfani da su.

Tambayi ko tana caji ta USB-C. In tana yi, fawabank mai ba da wat 45 ko 65 zai iya ɗaukarta ranar da aka ɗauke wuta.

Idan mai shago ya hana ka waɗannan gwaje-gwajen, ka yi masa godiya ka leƙa shago na gaba. In kuma ya sake naɗe ta a gabanka, ka ce masa ka gani, ya miƙar da ita ya buɗe maka Task Manager.