Masana da Madatsar Bakalori: Abin da Suka Gani da Abin da Ya Kuɓuce Musu

Duk mai son ya san yadda zaman mutum yake ɗaure da ƙasarsa da ruwanta, to, ya dubi Bakalori. A 1978 aka gama madatsar nan a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta. Ruwa ya ci gonakin mutanen Maradun, aka yi wa na Mafara da Bakura sabon rabon fili, har rigimar diyya ta kai 'yan sanda suka harbe manoma a watan Afrilu na 1980.

Masana biyu sun fi shahara a wannan magana. Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya dubi al'amarin ta fuskar mulki, watau yadda hukuma da masu jari suka haɗa kai, manomi ya rasa ta cewa. W. M. Adams kuwa, masanin labarin ƙasa na Kembirij, ya bi gulbin ya gangara. A maƙalarsa ta 1985 ya nuna da ambaliyar damina ta ragu, sai shinkafar fadama ta ja baya, noman rani da su kuma suka bi sahu. Lalle kowannensu ya yi aikin a yaba, kuma sai an haɗa su biyu labarin yake cika.

Amma fa akwai abin gyara. Na fari, binciken ya zama ihu bayan hari, gama injiniyoyi sun riga sun datse gulbin kafin a san abin da fadama take ciyarwa. Na biyu, da Turanci aka buga shi, a inda mutumin Bakura ba zai gani ba. Manomin da ya san ranar zuwan ruwa, da Basarken da ya san makwancin kifi, tambayarsu aka yi, sa'an nan aka tafi da amsar.

Nan ne aikin ya faɗo kanmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata malaman Hausa su shiga ayarin, su tattara sunayen irin shinkafa da na ƙasar fadama daga bakin dattawa, su kuma juya binciken nan zuwa Hausa domin kwalejojin horon malamai. In dattawan nan suka ƙare, ba wanda za a sāke tambaya.