Tattakin kilomita 100: a faɗa mana kuɗin, ba awannin ba

A watan Nuwamba dubban mutane a Hong Kong kan ɗaure takalmi su kama hanyar MacLehose, kilomita 100 ta cikin duwatsu, an ba su awa 48 su kai ƙarshe. Ba a shiga a ɗaiɗaiku. Mutum huɗu ne a ƙungiya, tare za su tashi, tare za su bi ta kowane zango a rubuta sunansu, tare ake so su isa. Asalin abin atisaye ne na sojojin Gurkha, 'yan Nepal da ke yi wa Birtaniya aiki a can a lokacin, tun 1981. A 1986 ƙungiyar Oxfam ta shigo, aka buɗe wa farar hula, aka mai da shi hanyar tara kuɗin yaƙi da talauci. Daga nan tattakin, da ake kira Trailwalker, ya bazu: Ingila a 1997, inda awa 30 kacal ake bayarwa, Sidni a 1999, sai Japan da Faransa da Indiya.

Ina goyon bayan wannan tattaki, amma ba don dalilin da ake yawan kawowa ba. Za ka ji wai wanda ya sha wuyar tafiyar ya ɗanɗana abin da talaka ke sha. Haba! Eh, wuya kam ana shanta. Tsakar dare mutum na hawan Tai Mo Shan, dutse mafi tsawo a Hong Kong, mita 957, fitila a goshi, ƙafa ta yi bororo ta fashe cikin safa, gwiwa na rawa, abokin tafiya ya daina magana tun zangon baya. Amma a zango na gaba akwai shayi mai zafi da filasta da masu jinya, ga dangi a mota da sababbin safa. Idan ya gaji ya ce ya fasa, a kai shi gida. Matar da ke tafiya mai nisa kullum ɗibar ruwa ba ta da ranar cewa ta fasa, kuma babu mai tafa mata in ta sauke tulu.

Amfanin tattakin yana wani wuri daban. Ana ɗora wa kowace ƙungiya mafi ƙarancin kuɗin da za ta tara. Wato sai ma'aikacin banki ko malamin makaranta ya cire kunya ya bi abokan aiki da surukai da maƙwabta yana roƙo, ba don kansa ba. Tafiyar ita ce ke ba shi bakin magana: zan sha wuyar kilomita 100, kai me za ka sa? Mutumin da ba zai taɓa kula takardar neman taimako ba zai ba abokinsa, ko don ya ga yadda zai dawo yana ɗingishi. Mutum huɗu ne suka taka, amma aljihun da aka taɓa ya fi haka nesa ba kusa ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda tattakin ke rikiɗewa zuwa tsere. Gwanayen gudu kan gama hanyar Hong Kong a ƙasa da awa 12, kuma ba na ganin laifinsu. Laifin na sauranmu ne da muka koma kallon agogo. Duba abin da ake sakawa a Facebook da Instagram bayan an gama: taswirar hanya, awanni da mintuna, takalmi mai tsada, hoton farcen da ya yi baƙi. Sai ka laluba kafin ka ga nawa aka tara, balle inda kuɗin ya nufa. Wani ma kayan da ya saya don tafiyar sun fi abin da ya miƙa.

Mu nan ba baƙin tattaki ba ne. A 2015 Suleiman Hashimu ya tako daga Legas zuwa Abuja don murnar nasarar Buhari, ya cika alkawarin da ya ɗauka, aka yi ta tarbarsa gari gari. Bayansa sai abin ya zama yayi, kowa da ɗan siyasar da yake takawa dominsa, tafiyar ta ƙare a ƙofar gidan mai mulki da ɗaukar hoto. Ƙafar muna da ita, jama'ar da za su fito bakin titi ma akwai. Tsarin ne babu: asusun da ba na mai tafiyar ba, adadin da aka sa a gaba tun kafin a tashi, da wanda zai tsaya ya karanta lissafi bayan an dawo.

Don haka duk matashin da ya zo mini da batun zai taka daga Kano zuwa Zariya don marayu, zan ba shi abin da ya sawwaƙa, har in roƙa masa wasu. Amma kafin nan zan tambaye shi sunan gidan marayun, da wanda ke riƙe da asusun, da ranar da za mu ga rasit.