Jinjina ga Masu Farautar Hoto Cikin Hazon Bagudo

Daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta lulluɓe Bagudo, har Kogin Kwara ya koma kamar an shimfiɗa masa farin mayafi. Yawancin masu kyamara kan naɗe kayansu, don ƙura ba ta raga wa gilashi.

Kaɗan ne ke sammako su bi hanyar Illo ko ta Tsamiya, bakin iyakar Benin, kuma su suka cancanci jinjina. Sun san hazo makirin abu ne: yana ruɗar kyamara ta rage haske, hoto ya fito launin toka. Sai su ƙara hasken da hannu, su nemi baƙin abu a kusa, kuka ko giginya ko wani dutse, ya tsaya daram, kaɗanyun baya kuma suna dusashewa sahu-sahu.

Akwai abin gyara, gaskiya. Wasu kan cika wa hoton launi a waya har hazon ya gudu. Wanda ya bar wa hunturu farinsa shi ne gwani.